Tsaron kwamfutar gida da asusun intanet

Tsaron kwamfutar gida da asusun intanet shi ne matakan da mai amfani na yau da kullum yake bi don kada wani ya shiga na'urarsa ko asusunsa ba da izninsa ba, kada kuma abin da ya adana ya salwanta. Bankuna da ma'aikatun gwamnati suna ɗaukar ƙwararru don wannan aiki, amma a gida nauyin yana wuyan mai na'urar ne. Masana sukan ce abu uku ake karewa: sirrin bayani, ingancinsa kada a gurɓata shi, da samuwarsa a lokacin da ake bukatarsa.

A Yamai kwamfuta ɗaya takan ɗauki nauyin gida guda. Maigida yana rubuta takardun aiki a kanta, ɗiyarsa tana haɗa kundin kammala karatu na Jami'ar Abdou Moumouni, da dare yara su kalli fim. Asusun kuwa mafi yawansu a salula suke: WhatsApp, Facebook, TikTok, Gmail da asusun aika kuɗi. Shi ya sa ba a raba maganar kwamfuta da ta waya.

Tarihin kalmar sirri

Ana danganta kalmar sirri ta farko a kwamfuta da tsarin CTSS na cibiyar MIT a Amurka, wajen 1961, ƙarƙashin jagorancin Fernando Corbató. A lokacin mutane da yawa ne suke raba na'ura ɗaya, kowa da sa'o'insa da fayilolinsa, sai aka ba kowa kalmar shiga. Ba a jima ba aka sami wanda ya tsallake shingen. Wajen 1962 wani ɗalibi mai suna Allan Scherr ya sa na'urar ta buga masa fayil ɗin kalmomin kowa a takarda, don ya sami ƙarin lokaci a kanta. Shi da bakinsa ya ba da labarin bayan shekaru.

A 1979 Robert Morris da Ken Thompson na cibiyar bincike ta Bell Labs suka fitar da binciken da har yau ake komawa gare shi. Cikin kalmomin sirri 3,289 da suka tattara, kusan kashi 86 cikin 100 masu sauƙin ganowa ne: gajeru, ko sunaye, ko kalmomin da ke cikin ƙamus. Bayan shekara 30, a Disamba 2009, aka sace kalmomin sirri kimanin miliyan 32 daga kamfanin RockYou, wanda ya ajiye su a fili ba tare da an ɓoye su ba. Da aka ƙirga, wadda ta fi yawa ita ce 123456. Na'urori sun sauya ƙwarai a tsakanin waɗannan shekaru, halin mutane ne bai sauya ba.

Ɗaya daga cikin manyan sace-sacen da aka taɓa bayyanawa ita ce ta Yahoo. An yi ta a 2013, ba a sanar ba sai 2016, sannan a 2017 kamfanin ya ce ta shafi dukan asusunsa, wajen biliyan 3. Daga irin waɗannan sace-sace ne ɓarayi suka koyi ɗaukar adireshin imel da kalmar da aka sato a shafi ɗaya su gwada su a sauran shafuka. Wanda ya maimaita kalma ɗaya a ko'ina, sata ɗaya ta ishe shi.

Shawarar ƙwararru ma ta sauya. Jagorar da NIST, hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ta fitar wajen 2003 ta yaɗa al'adar cakuɗa manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi da alamomi, ma'aikatu da yawa kuma suka riƙa tilasta sauya kalma kowane ƴan watanni. A 2017 hukumar ta gyara matsayinta: tsawon kalma ya fi cakuɗa muhimmanci, kuma ba sai an sauya ta ba in babu alamar an gano ta. Dalili shi ne wanda aka matsa wa sauyawa yakan ƙara lamba ɗaya kawai a ƙarshen tsohuwar.

Tarihin ƙwayoyin cutar kwamfuta

Creeper, wanda Bob Thomas ya rubuta wajen 1971, ana yawan ambatonsa a matsayin shiri na farko da ya yi yawo daga na'ura zuwa na'ura, a kan ARPANET, hanyar sadarwar da ta zama tushen intanet. Gwaji ne, bai ɓata komai ba. A 1982 wani ɗan sakandare, Rich Skrenta, ya rubuta Elk Cloner mai bin faifan disket na kwamfutar Apple II. A 1986 ƴan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka saki Brain, wanda ake ɗauka ƙwayar cuta ta farko ga kwamfutoci irin na IBM. Har adireshin shagonsu da lambobin wayarsu suka rubuta a ciki.

Ranar 2 ga Nuwamba 1988 Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell kuma ɗan Robert Morris da aka ambata a sama, ya saki wani shiri mai yaɗa kansa ta intanet. An ƙiyasta ya tsayar da na'urori kimanin 6,000, ko da yake akwai masu shakkar adadin. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ya bi ita ce gwada kalmomin sirri masu rauni. Bayan wannan ne aka kafa CERT, cibiyar kai ɗauki idan an kai wa kwamfutoci hari, a Jami'ar Carnegie Mellon.

Garkuwa da fayiloli don neman kuɗin fansa ta fara a 1989, lokacin da Joseph Popp ya aika faifai kimanin 20,000 ta gidan waya da sunan bayani kan cutar sida. Shirin yakan kulle sunayen fayiloli ya nemi a aika dalar Amurka 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama. A Mayu 2000 ILOVEYOU ya fito daga Filifin a siffar wasiƙar soyayya ta imel. Duk wanda ya buɗe abin da aka maƙala, saƙon yakan tafi ga kowa da ke cikin jerin adireshinsa, cikin ƴan kwanaki ya kama miliyoyin na'urori.

WannaCry, wanda shi ma kulle fayiloli yake yi ya nemi kuɗin fansa, ya fi dacewa a tsaya a kansa. Ya ɓarke ranar 12 ga Mayu 2017, ya kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Abin baƙin ciki shi ne Microsoft ya fitar da gyaran ramin da ya bi a Windows tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda suka sabunta Windows ɗinsu sun tsira. Duk wanda ya bi wannan tarihi zai ga abu ɗaya yana dawowa: yawancin ɓarna ta ƙofar da aka bari a buɗe take shiga, ko ta abin da mutum ya karɓa da hannunsa, faifai ne ko saƙo.

Yadda abin ya zo Yamai

Intanet ya iso Nijar wajen tsakiyar shekarun 1990 ta hannun kamfanin Sonitel, wanda daga baya aka haɗe shi da SahelCom aka kafa Niger Telecom. A shekarun 2000 shagunan intanet ne inda mafi yawan matasan Yamai suka fara buɗe imel, a kan kwamfutar da mutum goma suka taɓa kafinsu. Mantawa da fita daga asusu ita ce matsalar wancan zamani.

Daga nan kile, ɗan abin ajiyar fayiloli da ake sokawa a kwamfuta, ya zama babbar hanyar cuta. Ɗalibi ya kai kilensa shagon buga takardu, ya dawo gida ya soka a kwamfuta, sai ya tarar manyan fayilolinsa duk sun koma ƴan alamomi masu ƙaramar kibiya a gefe. In ya danna ɗaya, cutar ta shiga kwamfutar gidan, duk kilen da aka ƙara sokawa ya kwasa. A mafi yawan lokuta fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi, kuma mai gyara da ya san aikinsa yakan fito da su. Wanda ya yi gaggawar goge kilen gaba ɗaya shi ne yake yin asara. Microsoft ya taƙaita yadda shirin da ke cikin kile yake tashi kai tsaye da an soka shi tun a Windows 7 a 2009, amma wannan nau'in bai mutu ba, don dannawar mutum yake jira.

Yau damfara ta koma salula. Saƙo yakan zo daga lambar da aka sani: "Salamu alaikum Hajiya, na yi kuskure an turo wata lamba wayarki, don Allah ki turo mini." Lambar nan mai alƙaluma 6 ita ce ta rajistar WhatsApp ɗin Hajiya, kuma wanda ya rubuto ba mai layin ba ne, an riga an ƙwace asusunsa. Da ta tura, nata ya tafi. Daga nan sai ƙannenta da ƴaƴanta su fara samun saƙon neman jika 50 cikin gaggawa. Gidajen da ke da ƴan ci-rani a Abijan, Libiya ko Aljeriya sun fi shiga haɗari, don sun saba aika kuɗi da karɓa ta saƙo, kuma kunya takan hana a tambayi babba dalili. Kiran murya ɗaya yakan tona asirin.

Matakan yau da kullum

Sabuntawa ita ce ta farko. Windows, Android, manhajar shiga intanet da WhatsApp duk suna fitar da gyara a kai a kai, kuma tsadar data takan sa mutane su kashe sabuntawa. Ya fi a jira a sami wifi a yi, da a bari gaba ɗaya. Kwamfutocin hannu da ake sayarwa a kasuwa da yawa suna ɗauke da tsofaffin tsari: Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, tallafin gama-gari na Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Na'urar da ba za ta ɗauki sabon tsari ba ana iya sa mata Linux, wani tsarin da ke maye gurbin Windows, wanda kyauta ne.

Kalmar sirri ta zama doguwa, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, kuma kowane asusu da tasa. Sunan ɗa, shekarar haihuwa da lambar waya su ne farkon abin da ake gwadawa. Wanda ba zai riƙe su a ka ba ya yi amfani da manhajar adana kalmomin sirri, ko ya rubuta a littafi ya kulle a akwati. Kalmar imel ta fi sauran daraja, domin ta imel ake maido da sauran asusun.

Tabbaci mai mataki biyu yana sa ko an san kalmar, sai an ƙara da wata shaida daga wayar mai asusun. WhatsApp ya kawo nasa a 2017, lambar sirri mai alƙaluma 6 da mutum yake zaɓa da kansa, kuma ita ce ke tsayar da damfarar da aka bayyana a sama. Google da Facebook ma suna da nasu. Manhaja mai fitar da lamba ta fi SMS aminci, don ana iya karɓe layin mutum da yaudara. Lambar da ta zo ta SMS da lambar sirrin asusun kuɗi ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfanin yake kira.

Ajiyar kwafi ba ta samun kulawar da ta kamata, alhali a Yamai abin da ke cinye fayiloli ba ɓarawo kaɗai ba ne. Akwai ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, akwai zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, akwai ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi 3, a kan na'urori iri 2, ɗaya a wajen gida ko a intanet. Faifan ajiya a cire shi bayan an kwafa, don cutar neman fansa takan kulle duk abin da ta tarar a jone.

Manhajar da aka kwafa ba lasisi, wadda ake sa wa mutum a shago a kan ƴan kuɗi kaɗan, tana yawan zuwa da cuta a cikinta. Microsoft Defender, wanda yake aikin kashe ƙwayoyin cuta a cikin Windows tun 2012, ya ishi yawancin gidaje in ana sabunta shi.

A kwamfutar da gida ke rabawa, kowa ya sami asusunsa, yara kuma kada a ba su na mai ikon sa manhaja da sauya tsarin na'urar. Akwatin wifi a sauya masa kalmar da ya zo da ita, a sa shi a tsarin kulle na WPA2 ko WPA3. Kafin a kai na'ura wajen mai gyara ko a sayar da ita, a fita daga asusu, a kwashe hotuna da takardun shaida.

Idan an riga an shiga asusu

A sauya kalmar daga wata na'ura mai tsabta, a fitar da duk na'urorin da ke jone da asusun, a kira dangi a gaya masu kada su aika komai. WhatsApp da aka ƙwace ana maido shi ta sake rajista da layin. In layin ne aka karɓe, sai a je ofishin kamfanin waya da katin ɗan ƙasa. Hotunan saƙonni da rasit ɗin aika kuɗi su ne hujjar da za a kai wa ƴan sanda.

Doka

Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayu 2017, wadda ta kafa HAPDP, hukumar kula da wannan kariya, aka kuma maye gurbin dokar da sabuwa a 2022, da dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019, wadda ta hukunta shiga na'urar wani ba izni da damfara ta intanet. An yi wa ta biyun gyara a 2022 da 2024. Ƙungiyoyin ƴan jarida da na kare haƙƙin ɗan Adam suna sukar sassanta da suka shafi ɓata suna da tada zaune tsaye, hukumomi kuma suna kare su. A matakin nahiya akwai yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanan mutane, wadda aka amince da ita a 2014 ta fara aiki a 2023.