Waiwaye: Mai Shari'a Uwais da batun rantsar da shugaba kafin kotu ta gama

Duk lokacin da aka sake tayar da maganar gyaran dokar zaɓe a Najeriya, sai an ambaci marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais da rahoton da kwamitinsa ya miƙa wa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a Disamban 2008. Cikin shawarwarin akwai wadda har yau ake ja-in-ja a kanta: a kammala shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa.

Bazazzagen, wanda aka haifa a 1936, ya shiga Kotun Ƙoli a 1979, kuma yana cikin alƙalai bakwai da suka saurari ƙarar Awolowo da Shagari. An yi zaɓen shugaban ƙasa da ake ƙarar a kai ranar 11 ga Agustan 1979, aka yanke hukunci ranar 26 ga Satumba, aka yi rantsuwa ranar 1 ga Oktoba.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne shari'ar zaɓen 2003. A lokacin Uwais ne Alƙalin Alƙalai, muƙamin da ya riƙe daga 1995 zuwa 2006. An kaɗa ƙuri'a a Afrilu, aka yi rantsuwa ranar 29 ga Mayu, amma ƙarar Buhari da Obasanjo ba ta ƙare a Kotun Ƙoli ba sai ranar 1 ga Yulin 2005. Wato an riga an cinye fiye da rabin wa'adin shekara huɗu. Kundin tsarin mulki na 1999 bai yanka wa irin wannan shari'a wa'adi ba, don haka ta bi sahun sauran ƙararraki: shaidu su zo ɗaya bayan ɗaya, a ɗage zama, a ɗaukaka ƙara. Ministoci sun daɗe a ofis, an yi kasafin kuɗi har sau biyu, sannan alƙalai suka zauna su faɗi ko zaɓen ya inganta. A ganina, nan ne shawarar 2008 ta samo asali, domin mutumin da ya ga shari'ar 1979 ta ƙare cikin makonni shi ne ya jagoranci wadda ta haura shekara biyu.

Gyaran kundi na 2010 ya sanya kwana 180 ga kotun sauraren ƙararrakin zaɓe, kwana 60 ga ɗaukaka ƙara, amma bai hana rantsuwa ta riga hukunci ba. A 2023 an yi rantsuwa a Mayu, Kotun Ƙoli ta yi magana ranar 26 ga Oktoba. Uwais ya rasu a Yunin 2025, wannan shawara tasa tana nan a takarda.