Wai meye akufuresha da ake ta cewa tana rage ciwon mara?

Kwanakin nan kalmar nan sai yawo take a TikTok da guruf-guruf ɗin mata, akufuresha kaza, akufuresha kaza, har wasu na zaton wani sabon magani ne da za a je a saya a kemis. Ba ƙwaya ba ce, ba allura ba ce. Tausa ce, amma ba irin tausar da kaka ke yi wa mai ciwon baya ba, ita wannan wasu gurare ne ƙayyadaddu a jiki ake dannawa da yatsa.

Daga maganin gargajiyar ƙasar Sin ta fito. Su a fahimtarsu akwai wani ƙarfi da suke kira "ci" da ke bin hanyoyi a cikin jiki, in ya toshe sai ciwo ya taso. In an soka siraran allurai a wajen, akufancha kenan, in kuma yatsa aka sa, to ita ce akufuresha.

Likitocin asibiti kuwa bayaninsu daban ne. Lokacin al'ada mahaifa na fitar da wani sinadari, furostagilandin, shi ke sa ta murɗawa don ta turo jinin, kuma 'yan matan da ba su daɗe da fara al'ada ba su suka fi shan wuyarsa, shi ya sa za ki ga yarinya 'yar aji uku tana birgima a tabarma, ga amai, ga zawo, makaranta ma ba zuwa, mu kuma iyaye abin da muka iya kawai shi ne "yi haƙuri, in kin yi aure zai daina". Haba dai!

Wajen da aka fi dannawa Sinawa na ce masa Sanyinjiao. Ki nemo idon sawunki ta ciki, ki jera yatsunki huɗu a samansa, to daidai inda suka ƙare, a bayan ƙashin ƙwauri, nan ne, in kin danna ma za ki ji ɗan tsami. Ki sa babban yatsa ki danna kina ɗan murzawa kamar minti ɗaya ko biyu, ki koma ɗaya ƙafar. Akwai kuma Hegu, naman nan da ke tsakanin babban yatsan hannu da manuni. Masu yi sun ce gara a fara kwanaki kaɗan kafin jinin ya zo, ba sai ciwo ya kankama ba.

Tana aiki? An gwada ta a kan 'yan makaranta a Taiwan da Iran, da dama sun ce sun ji sauƙi, amma da ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya na duniya, ta tattara irin waɗannan binciken a 2016 sai ta ce hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Ni dai a ganina tunda ba ko kwabo za a kashe ba, a gwada, a haɗa da tsumma ko gorar ruwan ɗumi a mara, ya fi yarinya ta dinga afa Felvin da cikinta wayam har olsa ta kama ta.

Mai ciki dai kar ta danna waɗannan gurare biyun, su kansu masu sana'ar hanawa suke yi. Sannan in ciwon kullum ƙaruwa yake, ko yarinyar tana suma, ko jinin na zuba har tana canza audugar mata kusan duk awa, wannan ba na tausa ba ne, a kai ta wajen likitan mata a duba mahaifar.