Waiwaye Kan Joe Williams, Mawaƙin Da Duniya Ta Makara Wajen Saninsa

Masu sauraron jazz da blues sun san Joe Williams da muryarsa mai kauri da zurfi, irin wadda masana kiɗa ke kira bariton, amma ba kowa ne ya san cewa sai da ya cika shekara 36 kafin sunansa ya fito sosai ba. An haife shi ranar 12 ga Disamba 1918 a garin Cordele na jihar Jojiya a Amurka, kuma sunansa na asali Joseph Goreed. Yana ƙarami aka koma da shi Chicago, a zamanin da baƙaƙen fata ke barin Kudu saboda wariyar launin fata, kuma a cocin birnin ya fara waƙa cikin ƙungiyar Jubilee Boys.

Ya yi aiki da makaɗan jazz irin su Jimmie Noone da Coleman Hawkins da Lionel Hampton, ya kuma taɓa gadin ƙofa a gidan wasa na Regal, amma duk wannan fafutuka ba ta kai sunansa nesa ba.

Al'amura sun sauya a Disamba 1954, lokacin da shahararren makaɗin jazz Count Basie ya ɗauke shi cikin babbar ƙungiyarsa ta makaɗa. Faifan da suka fitar a 1955, Count Basie Swings, Joe Williams Sings, shi ne ya ɗaga shi, musamman waƙar "Every Day I Have the Blues" wadda mawaƙin blues Memphis Slim ya yi kafin shi. Duk wanda ya kasa kunne zai ji yadda Williams yake furta kowace kalma a fili, ya riƙe numfashi har ƙahonni su lafa, sannan ya ɗaga murya sama ba tare da ta karye ba. A ganina nan ne bambancinsa da Jimmy Rushing, wanda ya riga shi zama mawaƙin Basie: Rushing ƙarfi da amo ne makaminsa, shi kuwa Williams natsuwa ce ke gaba.

Sai dai wannan nasara ta sa aka yi masa laƙabin mawaƙin blues kawai, alhali ƙwarewarsa a waƙoƙin soyayya masu taushi ba ta gaza ba, kamar yadda faifansa A Man Ain't Supposed to Cry na kamfanin Roulette ya nuna. Ya bar Basie a 1961 cikin mutunci, ya ci gaba da aiki da mai busa ƙaho Harry Edison, sannan da ƙungiyar makaɗa ta Thad Jones da Mel Lewis a 1966. Lambar Grammy, wato babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka, ba ta zo hannunsa ba sai a 1985, da faifan Nothin' but the Blues.

Ya rasu ranar 29 ga Maris 1999 a Las Vegas yana da shekara 80, bayan ya fita daga asibiti da ƙafa ya nufi gida, ya faɗi a hanya.