Waiwaye: Yadda Aka Fara Bin Sawun Cuta Daga Ƙirgen Mamata

A ƙarshen watan Agustan 1854 annobar amai da gudawa ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, cikin kwana goma mutum fiye da 500 suka rasu. Likitocin zamanin sun tafi a kan cewa gurɓatacciyar iska ce sila. Amma wani likita mai suna John Snow bai gamsu ba. Ya karɓo jerin mamata daga ofishin rajista, inda William Farr ya daɗe yana tattara alƙaluman mace-mace, ya bi gida-gida da tambaya ɗaya: ina kuke ɗebo ruwa? Amsa ta yi ta komawa kan famfon titin Broad. Har da wata mata da ke zaune can Hampstead, wadda ake yi wa dakon ruwan famfon saboda daɗinsa da take ji, ita ma ta rasu. Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon, kusan shekara 30 kafin masanin kimiyya Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar cutar.

Daga baya, a 1889, Ingila ta yi dokar da ta sa likita ya riƙa sanar da jami'in lafiya na yankinsa idan ya ga wasu cututtuka masu yaɗuwa. Aikin duba-gari da rahoton mako-mako na ƙananan asibitoci duk jikokin wannan tunani ne.

Gubar abinci ta fi wuyar kamu, don mutane kan ci su watse, ciwon kuma sai bayan kwanaki. A 1993 naman da bai gasu ba ya kwantar da mutum sama da 700 a Amurka, yara huɗu suka mutu. Wannan ya haifar da PulseNet a 1996, tsarin da ɗakunan gwaje-gwaje ke kwatanta tambarin ƙwayoyin cuta (alamar halittar da ke bambanta wata ƙwaya da wata), a gane cewa majinyatan garuruwa daban tushensu ɗaya. Gaggawa ma tana da nata ɓarnar: a 2011, da gubar abinci ta ɓarke a Jamus, hukumomi suka ɗora laifi kan kokwambar Sifen, manoma suka tafka asara, ashe tsiron hulba ne. Mutum fiye da 50 suka mutu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na sa mutum miliyan 600 rashin lafiya duk shekara, 420,000 su mutu, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne akasarinsu ba sa shiga rajistar kowa. Mai gudawa ya sha magani a gida, ba a ɗauki bayan gidansa an gwada ba, ma'aikaciyar jinya ta ga mutum biyar da ciwo iri ɗaya a rana guda amma ba ta da fom ko wayar da za ta kai rahoto. Kafin jami'i ya iso ya tambayi abin da aka ci, an zubar da ragowar, an wanke tukunya.