Bakteriyofaj lamda: lafewa da fashewa

Bakteriyofaj, ko faj a taƙaice, bairos ne da ba ruwansa da mutum, bakteriya kawai yake kamawa. Wasu da sun shiga sai kisa, wasu kuma hanya biyu gare su, ko su hayayyafa su fasa bakteriyar ko su lafe a cikinta suyi kwanton ɓauna. A irin na biyun ba wanda aka bincika kamar lamda, mai shiga E. coli, wata bakteriya da ke zama a hanji.

Tarihi

Frederick Twort a Ingila, 1915, da Félix d'Hérelle a Faransa, 1917, su suka fara ganin faj, kowa da kansa. Maganar lafewa kuwa an daɗe ana musu a kanta har sai wajen 1950 da André Lwoff ya haska wa bakteriya hasken ultrabayolet, bakteriyar da ake gani lafiya lau sai gata tana fashewa tana zubo bairos, ashe dama yana ciki. Ya samu kyautar Nobel a 1965 tare da abokan bincikensa François Jacob da Jacques Monod. Shi kansa lamda Esther Lederberg ce ta gano shi a Amurka wajen 1950 zuwa 1951, kuma gaskiya ba'a cika ambatonta yadda ya kamata ba.

Yadda yake sauyawa

Furotin biyu na lamda ne ke rigimar wuri ɗaya a jikin DNA ɗin bairos, CI da Cro. In CI ya rinjaya sai ya toshe ƙwayoyin gadon kisa, bairos ya manna DNA ɗinsa cikin na bakteriyar, duk sanda ta rabu biyu da shi ake rabuwa. Yunwar bakteriya ko bairos da yawa su faɗa bakteriya ɗaya sukan tura shi lafewa. Amma da DNA ɗin bakteriyar ya lalace sai furotin RecA na bakteriyar ya sa CI ya tsinke kansa, shikenan Cro ya karɓe, cikin kamar awa ɗaya ta fashe bairos wajen 100 su fito.

A 2017 masu bincike a Isra'ila sun nuna wasu faj na barin sinadarin saƙo, in ya taru sai na baya su lafe.

Cututtuka

Gubar kwalara da ta mashaƙo (diphtheria) duk faj ne da ya lafe cikin bakteriyar yake ɗauke da ƙwayar gadonsu.