Ma'anar "sabon nau'i" idan ana maganar ƙwaro mai ƙafar ganye

Lokaci zuwa lokaci labari yakan fito cewa masana sun gano sabon nau'in ƙwaro mai ƙafar ganye a wani daji na ƙasashe masu zafi, sai mai karatu a Marwa ko Garwa ya zaci wata halitta ce ta ɓulla a bana, ko kuma wata annoba ce ke tafe gonakin wake. A bakin masana ilimin ƙwari, "sabon nau'i" na nufin ƙwaron da ba a taɓa rubuta siffofinsa aka raɗa masa suna a ilimance ba, ko da kuwa mutanen yankin da yake sun san shi tun kaka da kakanni. Sabuntar tana cikin littafi ne, shi ƙwaron tsohon mazauni ne.

Kafin a ce sabo ne, sai an san danginsa. Waɗannan ƙwari suna cikin dangin da ake kira Coreidae, mai nau'o'i fiye da 1,900 a duniya, mafi yawansu a ƙasashe masu zafi. Sunan ya samo asali daga kalmar Girkanci ta kuɗin cizo, kuma lallai akwai zumunci a tsakaninsu, shi ya sa Faransancin da ake karatu da shi a Kamaru da Cadi yake kiran su duka biyun punaise. Abin da ya haɗa su shi ne baki. Fara tana da muƙamuƙi, tana tauna ganye ta bar giɓi, amma ƙwaro mai ƙafar ganye tsinke gare shi mai gaɓa huɗu, wanda yake naɗewa a ƙarƙashin ƙirji idan yana hutawa, idan zai ci abinci sai ya miƙe shi ya soka a kwasfar wake ko ɗan kabewa, ya zuba yawu, ya tsotse ruwan. Saboda haka ne manomi yakan tarar da kwasfa ta yanƙwane, ƙwayar ciki ta motse, alhali ba ya ganin inda aka gatsa.

Fukafukan gaba rabi biyu ne: na gindi mai kauri kamar fata, na ƙarshe shara-shara mai jijiyoyi da yawa jere kusa da juna, kuma yawan waɗannan jijiyoyi yana cikin manyan alamun dangin. Ƙahonnin ji suna da gaɓa huɗu, kan ya fi kafaɗa ƙanƙanta, sannan a gefen ƙirji, tsakanin ƙafar tsakiya da ta baya, akwai 'yar kafa da ruwan wari ke fita ta cikinta. Duk wanda ya taɓa kama ɗaya da hannu a gonar wake ya san wannan wari.

Ganyen da sunan yake nufi yana kan ƙwaurin ƙafar baya, inda gaɓar ta baje ta yi faɗi kamar ƙaramin ganye. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin ba kowane ɗan dangin ne yake da shi ba. Clavigralla tomentosicollis, ɗan ƙaramin nan mai gashi-gashi da ƙayoyi a kafaɗa, wanda yake cikin manyan maɓarnatan wake a yankinmu, ƙwaurinsa siriri ne. Anoplocnemis curvipes, babba baƙi, cinyar namijinsa ce ta yi kauri ta lanƙwashe da ƙaya a jiki. Wanda yake da ganyen sosai a ƙasashenmu shi ne Leptoglossus gonagra, mai faɗa wa kabewa da kankana da lemu, baƙi-baƙi mai zane ruwan lemu a kafaɗa da ɗigo-ɗigo a ciki. Zuriyarsa ta Leptoglossus 'yan nahiyar Amurka ne, shi kuwa ya yi nisa har ya bazu a Afirka da Asiya.

Ƙafar baya tana taimakawa wajen tantancewa, amma shaida ce mai rauni idan ita kaɗai ce. A nau'o'i da yawa maza suna kokawa da ita a kan mace ko a kan reshe mai 'ya'ya, don haka ƙafar namiji ta bambanta da ta mace, ta babban namiji kuma ta bambanta da ta ƙarami. Ƙwaron yakan ma tsinke ƙafarsa ya gudu idan an riƙe shi. 'Ya'yan kuwa suna saɓa sau biyar kafin su balaga, ba su da cikakkun fukafukai, kuma launinsu yakan sha bamban da na iyayen. Shi kansa Leptoglossus gonagra an daɗe ana ɗaukar na Afirka da Asiya a matsayin wani nau'i daban mai suna australis, sai daga baya aka haɗe su. A ganina wannan misali ya isa ya sa mutum ya yi hattara da duk wanda ya dubi hoto a waya ya yanke hukunci nan take.

Mai bincike yakan fara da awo a ƙarƙashin madubin ƙara girma: tsawon kowace gaɓa ta ƙahon ji, inda tsinken baki ya tsaya idan an kwantar da shi, siffar kusurwar kafaɗa, da kason ƙwaurin da ganyen ya rufe. Daga nan sai ya cire gaɓar ƙarshe ta cikin namiji, ya jiƙa ta a sinadarin da ke narkar da tsoka, ya zana al'aurar da 'yan maƙatan da ke gefenta, domin nau'o'i biyu da suka yi kama a waje sukan bambanta a nan ƙarara. A mace, jakar ajiyar maniyyi ake dubawa. Tun daga 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar da hanyar karanta wani gajeren yanki na ƙwayar halitta (DNA) mai harafi wajen 650 don tantance nau'i, an samu ƙarin shaida, sai dai ba ta ɗauke wa kowa aikin ido ba.

Aiki mafi wuya shi ne kwatantawa da abin da magabata suka rubuta. Tsarin suna biyu, na zuriya da na nau'i, ana ƙirga shi a ɓangaren dabbobi daga littafin Carl Linnaeus na 1758, kuma ƙa'ida ita ce sunan da ya riga shi ne mai ƙarfi. Masanin ƙwari Fabricius ya siffanta Anoplocnemis curvipes a 1781, Carl Stål ya siffanta Clavigralla tomentosicollis a 1855, kuma yawancin ƙwarin Afirka da aka yi irin waɗannan rubuce-rubuce da su suna ajiye a gidajen tarihi na Turai, abin da ke ɗora wa ɗalibi a Ngaundere ko Injamena nauyin da takwaransa na Faris ba ya ɗauka. Idan an tabbatar babu wanda ya riga, sai a zaɓi ƙwaro guda ɗaya a matsayin zakaran gwaji, a ajiye shi inda kowane masani zai iya zuwa ya duba, a wallafa siffofinsa tare da abin da ya raba shi da makusantansa. Daga 2012 an yarda da wallafawa a intanet kaɗai, muddin an yi rajistar aikin a ZooBank, wato rajistar sunayen dabbobi da ke intanet.

Tantancewar tana da amfani a gona. Akwai wani dangi, Reduviidae, mai kama da waɗannan a tsayi da launi, amma tsinkensa gajere ne lanƙwasasshe mai gaɓa uku, kuma yawancinsu wasu ƙwari suke ci, don haka mai feshin da bai bambance ba yakan kashe mai taimakonsa. Wanda ya ga baƙon ƙwaro a wakensa wajen watan Satumba ko Oktoba, lokacin da kwasfa ke cika, ya kama manya da dama domin a samu namiji da mace, ya saka su a kwalba mai alkol, ya rubuta da fensir sunan ƙauye, kwanan wata da shukar da ya same su a kai, ya jefa takardar a cikin kwalbar. Cibiyar IRAD da ke Marwa da ITRAD a Cadi suna aikin binciken noma, kuma malamin gona na yanki shi ne hanya mafi kusa ta isar da kwalbar gare su.