Tallafi ko haƙƙi? Sashe na 16 da yadda wasu ƙasashe suka yi

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai manta da talaka ba. Sashe na 14 ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babbar manufar gwamnati. Sashe na 16(2)(d) kuma ya bi abin dalla-dalla: gwamnati ta tsara al'amuranta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu matsuguni da isasshen abinci da albashin da zai riƙe shi, a kula da tsofaffi, a biya fansho, a tallafa wa marar aiki da marar lafiya da mai naƙasa.

Gizo ke saƙar a sashe na 6(6)(c). Shi ya hana kotu sauraren ƙara a kan ko gwamnati ta cika abin da ke babi na biyu, inda waɗancan alkawura suke. Wato tsohon da ya haura saba'in a Gwadabawa ta jihar Sakkwato, ba ɗa ba jika mai ɗaukar nauyinsa, ba zai iya zuwa gaban alƙali ya ce a ba shi kuɗin tsufa ba. An rubuta masa alkawari, an kuma rufe masa ƙofar neman cikawa.

Shi ya sa duk abin da ya iso hannun talaka a nan muke kiransa tallafi. A 2016 gwamnatin Buhari ta fito da N-Power da ciyar da 'yan makaranta da naira 5,000 a wata ga gidaje marasa ƙarfi, kuma sai a 2023 aka yi dokar kafa hukumar da ke riƙe da shirye-shiryen. A wannan shekarar dai, gwamnatin Tinubu ta yi shelar naira 25,000 har wata uku ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen hukumar domin bincike, ba kuwa wanda ya samu damar ƙarar kowa kan kuɗin da ya daina zuwa. Ranar rabo za ka ga dattijuwa tun da hantsi a bakin layi, takardar NIN ɗinta a naɗe cikin leda, ta ƙulle a gefen zane. La'asar ta yi a ce mata sunanta bai fito ba. Ta ce "Allah bai yi da rabona ba," ta kama hanyar gida. Tawakkalinta abin girmamawa ne, amma ba wanda ya gaya mata dalilin cire sunan, ko inda za ta kai kuka.

A Afirka ta Kudu dattijuwar nan tana da wurin zuwa. Sashe na 27 na kundinsu na 1996 ya sa tallafin gwamnati cikin haƙƙoƙin da kotu ke karewa, dokar 2004 kuma ta fayyace wa ya cancanta. Duk wanda ya kai shekara 60, abin hannunsa bai wuce wani adadi ba, hukumar rabon tallafi ta ƙasar, SASSA, za ta riƙa biyansa fiye da rand 2,000 kowane wata. Yaro ɗan gidan talaka yana da kasonsa har ya cika 18. In aka hana ka, a rubuce za a ba ka dalili, kana kuma da damar ɗaukaka ƙara. A 2004, a shari'ar Khosa, kotun tsarin mulkinsu ta ce hatta baƙin da suka samu izinin zama na dindindin ba za a ware su ba. Kuɗin yaran bai taka kara ya karya ba, su kansu suna ƙorafi a kai, amma uwa ta san ranar da zai shigo, a kansa take tsara cefanen wata.

Brazil ta bi ta wata hanyar. Bolsa Família, shirin da Shugaba Lula ya kafa a 2003, kuɗi ne da sharaɗi: yara su je makaranta, a yi musu rigakafi, mai ciki ta je awo. Galibi uwa ake ba katin. Ƙashin bayansa rajista ce guda ɗaya ta ƙasa, wadda iyali ke zuwa da ƙafarsu su shiga, ana kuma sabunta ta. Tun 2023 mafi ƙarancin abin da gida ke samu real 600 ne na kuɗinsu a wata. Wannan tsari yana burge ni, sai dai sharaɗi ba ya aiki inda babu abin cika shi. Ba adalci ba ne a ce wa uwa a ƙauyen Isa ko Sabon Birni ta tura ɗa makarantar da 'yan bindiga suka sa malamanta gudu, in ba haka ba a yanke mata kuɗi.

Indiya kuwa aiki ta mayar haƙƙi. Dokar 2005 ta ba kowane gidan karkara kwana 100 na aikin lada a shekara, kamar haƙa tafki da gyaran hanya, ta kuma tanadi cewa in ka nema ba a ba ka ba cikin kwana 15, gwamnati ta biya ka kuɗin zaman jira. Ka tuna samarinmu da ke watsewa cin rani Legas da Fatakwal da zarar an gama girbi, za ka ga inda irin wannan zai yi mana rana.

Turai ba sai na daɗe a kanta ba. Tsarin inshorar ma'aikata da shugaban gwamnatin Jamus, Bismarck, ya fara a 1883 ya ginu ne kan cire wani abu daga albashi, na Birtaniya kuma, da ya haifi hukumar lafiya ta NHS a 1948, haraji ke riƙe da shi. Dukansu suna buƙatar yawancin jama'a su kasance masu albashi a rubuce. Manomin albasa a Goronyo da majemi a cikin gari ba su cikin wannan lissafi.

Mu Sakkwatawa ba baƙin wannan tunani ba ne. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙidaya rukuni takwas na masu karɓar zakka, kuma kowane almajirin ilimi ya san zakka haƙƙin matalauci ce a cikin dukiyar mawadaci, ba alfarma ba. Jihar tana da Hukumar Zakka da Waƙafi. A zamanin Gwamna Wamakko an riƙa biyan masu naƙasa naira 6,500 a wata. Amma ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna kusan kashi 91 cikin 100 na mutanen jihar suna fama da talauci ta fuskoki da yawa, mafi tsanani a duk ƙasar. Buƙata irin wannan ta fi ƙarfin abin da ke rataye da ganin damar wanda ke kan kujera.

Sashe na 6(6)(c) bai ɗaure hannun majalisa ba. A 2002, a ƙarar da jihar Ondo ta shigar kan dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, Kotun Ƙoli ta nuna cewa in majalisa ta ɗauko abin da ke babi na biyu ta yi masa doka, kotu za ta iya tilasta bin dokar. Majalisar dokokin jiha ma tana iya yin tata a kan tsofaffi da marayu da masu naƙasa, ta faɗi wanda ya cancanta, da nawa za a ba shi, da asusun da kuɗin zai fito, da ofishin da wanda aka tsallake zai kai ƙara a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar.